Rasuwar Shakazobar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da tsami, Ɗan Kafinta, mai aikin jan wayar lantarki, a madadin kansa da mahaifinsa da duk wanda ya taɓa zama a bayan tsohon jan babur ɗin gidansu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Shakazobar Baya ta Hagu. Ta cika ne a kan hanyar asibiti, da hantsi, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana bakin aikinta, da nauyin tsoho a kanta.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, ita ce ƙarfen nan mai naɗaɗɗen sifirin da ke tsaye tsakanin tayar baya da kujerar babur. Su biyu ne, tagwaye, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Aikinsu shan duka. Rami ya kai wa taya naushi, su su shanye, na zaune a sama ya ci gaba da hirarsa bai ma san an yi ba. Mutane sukan yaba wa inji, su yaba wa fenti, har madubi yakan sami mai goge shi, amma ba a taɓa jin wanda ya sauka daga babur ya ce wa shakazoba sannu da aiki ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne tare da babur ɗin, zamanin da Baba Kafinta yake da ƙarfinsa, yana iya saɓa ƙyauren ƙofa a kafaɗa ya hau bene da shi. Kullum safiya shi yake kai matarsa, Inna, rumfarta ta zare da maɓallai a kasuwa, da yamma ya koma ya ɗauko ta. Inna ba ta taɓa ƙetara kujera ba. Zaman gefe take yi, ƙafafunta biyu a hagu, nesa da salansa mai ƙuna, kwandon kayanta a cinya, hannu ɗaya a kafaɗar mijinta. Allah kuwa ya yi wa Inna jiki, ba ta kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Saboda haka duk nauyin tafiya a kan marigayiya yake sauka, 'yar'uwarta ta dama tana can tana shan iska.

Da Baba ya ga babur yana rinjaya hagu, sai ya ɗauki sifana ya tsuguna. A ƙasan kowace shakazoba akwai wani zobe mai matakai, wanda ake juyawa don a ƙara wa sifirin tauri ko a sassauta shi. Ya juya na hagu mataki ɗaya, ya bar na dama yadda yake. Duk makanikin da ya gani sai ya ce ba a yin haka, dole su zama daidai. Amsar Baba ɗaya ce: "Ku kun san babur, ni na san matata."

Tun daga ranar marigayiya ta sami murya. A bakin lungun gidansu akwai wani tudun siminti da aka yi a kan bututun ruwa, kuma duk lokacin da tayar baya ta hau shi sai a ji ƙiiiƙ, ta sauka a ji ƙam. Yaran gidan sun san wannan sallama fiye da bugun ƙofa. Da an ji ƙiiiƙ-ƙam, mai faɗa ya daina faɗa, mai hannu a tukunya ya zare hannunsa, a kama littafi ko da a juye ne. Inna kuwa ta mai da kukan ya zama nata. Takan ce, "Ka ji ko? Ƙarfe ma yana tausaya mini, kai ne dai ba ka ji." Baba ya ce, "To, na ji." Haka suke yi kullum, a wuri ɗaya, har maƙwabta suka haddace.

Ana shaidar marigayiya da haƙuri. Ta ɗauki katako, ta ɗauki buhun siminti, ta ɗauki keken ɗinki, ta taɓa ɗaukar katifa da wanda ya sayi katifar a lokaci guda. Ba ta zaɓen hanya. Ba ta taɓa neman mai ba balle ruwa, ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba irin na batir, wanda kowa ya san halinsa. Aibinta ɗaya surutu, shi ma a wuri ɗaya take yinsa. Ba a roƙa mata gafara, domin ƙarfe ba shi da zunubi, amma mai wannan sanarwa ya san mutane da yawa da za su so a yi musu irin shaidarta.

Bayan rasuwar Inna, Baba ya miƙa wa ɗansa makullin babur. Bai yi dogon jawabi ba, sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada a taɓa zoben hagu. Ɗan Kafinta ya bi umarni. Da yake babu mai zama a hagun yanzu, sai babur ya koma rinjaya dama kaɗan, abokan aikinsa suna tsokanarsa wai yana tuƙi kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Shi dai murmushi yake yi. Baba kuwa ya daina fita. Ya koma zama a ɗakin aikinsa na zaure, tsakanin zarto da guduma, ba ya taɓa ko ɗaya. Abinci sai an yi da gaske, magana sai an tambaye shi.

Ana cikin haka ciwon baya ya kama shi, ya sauko har ƙafafu. Likitar ƙashi ta ce sai an riƙa kawo shi asibiti gashin ƙashi duk mako, in ba haka ba ƙafafun za su sandare. Yaya, babbar 'yarsa, ta turo motar mijinta, ya ce warin kujerun yana tayar masa da zuciya. Aka kira tasi, ya ce shi ba kaya ba ne da za a cusa shi. Babur kaɗai ya yarda ya hau. Hawan ma aiki ne, sai ɗan ya kama masa ƙafar dama da hannu biyu ya ƙetarar da ita, Baba yana cije leɓe, gumi yana karyo masa. Sau ɗaya ɗan ya ce, "Baba, da ka yi zaman gefe mana, zai fi maka sauƙi." Kallon da aka yi masa ya sa bai sake kawo zancen ba. Ya ɗauka girman kai ne na tsohon da ya yi wa rabin layin ƙofofinsu.

A fitarsu ta farko ya gane abin da ya sa sai babur. Suna hawa tudun bakin lungu, marigayiya ta ce ƙiiiƙ-ƙam, sai ya ji tsohon a bayansa ya ce a hankali, "To, na ji." Ɗan Kafinta bai waiwaya ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Amma ya lura ranar gashi ce kaɗai ranar da Baba yake neman a goge masa riga, ita ce kuma ranar da yake cinye abincinsa.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne da hawaye. Wani siririn mai ya riƙa tsattsafowa daga wuyanta yana gangarowa, ƙura tana mannewa. Ɗan Kafinta yakan goge da tsumma kowace safiya, kafin azahar ya dawo. Daga nan sai ta daina riƙe kanta. In aka faɗa rami, maimakon ta shanye ta tsaya, sai bayan babur ya yi ta rawa har an wuce wurin da nisa. Muryarta ma ta dushe, ƙiiiƙ ɗin ya gajarce, ƙam ɗin ya yi nauyi. Makaniki, wanda rumfarsa ke bayan gidan mai, ya danna kujera da gwiwar hannu ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take lilo. Ya ce, "Wannan ai ta gama. Man cikinta ya ƙare, sifirin kaɗai ke wahala. Ka canza ta tun ba ta kunyata ka ba." Ɗan Kafinta ya ce zai dawo. Ya yi ta cewa zai dawo. Duk ranar da ya yi niyya sai ya tuna wanda yake amsa mata a bakin lungu, sai ya ƙara mata mako guda.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Gab da mashigar asibiti akwai rami, ruwa ya rufe shi ya yi lumui kamar ba komai. Ɗan Kafinta ya rage gudu, amma tayar baya ta faɗa. Babu ƙiiiƙ. Ƙam kawai aka ji, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, dukan ya wuce kujera ya shiga bayan tsoho kai tsaye. Baba bai faɗi ba. Ya dai yi wata ƙara da ɗansa bai taɓa jin irinta daga bakinsa ba, yatsunsa suka nutse a kafaɗar ɗan har suka bar shaida. Sai da ma'aikata biyu suka fito da kujera mai taya aka shiga da shi.

Likita ba ta ɓoye komai ba. Ta ce an yi sa'a wannan karon, amma irin wannan duka in ya sake samun wurin, kada a yi mamaki in Baba bai ƙara takawa ba. Ta ce kuma gashin ba a fasa shi, wanda ya fasa ƙafa ce take biya. Yaya ta wanke ƙaninta tas a barandar asibiti, gaban mutane, ta ce ya zaɓa tsakanin tsohon ƙarfe da tsohon da ya haife shi. Shi kuwa ba shi da yadda zai yi mata bayanin cewa a wurin Baba abin ba biyu ba ne.

Da aka dawo da Baba gida a motar surukinsa, ɗan ya durƙusa ya gaya masa za a canza shakazoba. Baba ya juya fuska bango. Ya ce, "In kun canza ta, sai ku kai babur ɗin asibiti a gasa shi. Ni na gama hawa." Ranar gashi ta zo ta wuce. Wata ta sake zuwa ta wuce. Ƙafafun suka fara yin abin da likita ta faɗa. Mutumin da yake zuwa zaure da sanda, ya koma sai an riƙe shi kafin ya kai bakin ƙofar ɗaki. Ɗan Kafinta yana kan tsani a gidajen mutane yana jan waya, hankalinsa yana gida. Tsoro yake ji, kuma ba ya jin kunyar faɗa a cikin wannan sanarwa. Ya rasa uwa, yana kallon uba yana zamewa daga hannunsa a kan abin da bai fi tsawon damtse ba.

Duk da haka ya tura babur ɗin zuwa rumfar Makaniki, don a duba ko marigayiya za ta gyaru. Makaniki ya nuna masa sandar cikinta, duk ta karce, robar bakinta ta yage. Ya ce babu gyara. Sannan ya ƙara da abin da ya fi wannan nauyi. "Kuma ba ita kaɗai za a cire ba, har ta daman. Tare suka zo, tare suka tsufa. In ɗaya ta tafi, ɗayar ba ta daɗewa, ko ka ga tana tsaye ƙarfin hali ne kawai." Yana magana yana goge hannu da tsumma, shi a kan babur yake zance. Ɗan Kafinta kuwa sai da ya nemi benci ya zauna. Ya ce, "Ka bar mini ta daman, don Allah. Lafiyarta ƙalau." Makaniki ya dube shi, ya ce shi dai ba zai ɗora tsoho mai ciwon baya a kan sabuwa da tsohuwa ba, in wani zai yi a je wurinsa. Haka Ɗan Kafinta ya sake turo babur ɗin gida, ya jingine shi a tsakar gida.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta dama, wadda aka ce ita ma kwananta ya kusa. Ta bar sarƙa mai yawan faɗuwa, da birkin baya mai sai an roƙe shi, da madubi ɗaya, da hon wanda muryarsa ta shaƙe tun bara. Ta bar kujera mai faci uku, wadda gefenta na hagu ya lotsa ya ƙi tasowa har yau. Ta bar tudun bakin lungu babu mai gaishe shi. Ta kuma bar Baba Kafinta, wanda a cikin dukan waɗannan shi ya fi jin rashin.

Shekaranjiya da safe Ɗan Kafinta ya fito zai tafi aiki, sai ya tarar da Baba a tsakar gida. Yadda ya iso wurin shi kaɗai, Allah ya sani, sandarsa tana yashe a ƙasa, yana dafe da babur. Ya sa tafin hannu a gefen hagu na kujera, inda ya lotsa, ya danna da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ƙam. Ya saurara, ya sake dannawa. Ƙam. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta daina magana."

Ɗan ya kawo masa kujera ya zaunar da shi. Da ya ga fuskar ta ɗan saki, sai ya gaya masa abin da Makaniki ya ce game da ta daman, yana faɗa yana jin kamar ya haɗiye maganar. Baba ya miƙa hannu ya shafa sifirin ɗin dama, ya dubi ƙurar da ta biyo yatsunsa.

"Gaskiya ya gaya maka," in ji shi. "A cire su tare. Wanda aka bari shi ya fi shan wuya."

Ɗan ya ce, "To asibitin fa, Baba?"

Baba ya ce a ɗauko masa zarto da guntun katakon da ke bayan ƙofar zaure. Rabon da ya riƙe zarto tun Inna tana da rai. Ya ɗora katakon a gwiwa, ya auna da ido, ya yanke, layin bai karkace ba. Ya ce in an ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a sa wannan a ƙarƙashin tayar baya, don kada taya ta faɗi ta matse noti lokacin da aka zare shakazoba. Sai da ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa sannan ya faɗi sauran abin da yake so a yi, wanda aka sa a cikin tsarin da ke ƙasa kamar yadda ya faɗa.

Za a yi jana'izar marigayiya gobe da safe, in Allah ya kai mu, a rumfar Makaniki da ke bayan gidan mai. Za a tsayar da babur a ƙafarsa ta tsakiya, a tokare taya da katakon Baba. Makaniki zai kwance notin ƙasa, sannan na sama, ya zare marigayiya a hankali, Ɗan Kafinta ya karɓe ta da hannu biyu. Bayan ita sai 'yar'uwarta. Ana sanar da masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu, ba za a ɗora su a sikeli ba. Za a wanke su da kananzir, a ɗaure su wuri ɗaya da waya, a rataye su a ƙusa ɗaya a ɗakin aikin Baba, sama da bencinsa. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu ta'aziyya suna iya zuwa, amma waɗanda suka zo da "ai da ma na faɗa" ana roƙonsu su bar ta a gida, Yaya ta riga ta faɗa a madadin kowa.

Za a ɗaura sababbi biyu, a shafa wa robobinsu giris, a ɗaure noti sosai. Ana kuma roƙon Makaniki ya danne zuciyarsa ya juya zoben ta hagu mataki ɗaya, ya bar na dama yadda yake. An san zai ce ba a yin haka. Ɗan Kafinta ma ya ce wa Baba ai yanzu babu mai zama a hagun. Baba ya ce, "Akwai. Ƙafata ba ta ƙetara kujera kuma. A da wurin Innarku ne, shi ya sa na bar mata. Yanzu ni zan zauna."

Jibi ranar gashi ce. Mutanen layi za su ga Baba Kafinta a bayan ɗansa, ƙafafu biyu a hagu, hannu ɗaya a kafaɗa. Ana roƙon kada kowa ya yi dariya, a gaishe shi kawai a ba su hanya. Makaniki ya tabbatar sababbin ba sa kuka, za su hau tudun bakin lungu su sauka shiru. Wanda yake kusa, in ya ji tsohon ya ce "To, na ji", don Allah kada ya tambaye shi da wa yake.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya ƙara wa Baba lafiya.

Sanarwa daga Ɗan Kafinta, a madadin iyali.